Zauren Turanci: Tsawar Bature Ba Irin Tamu Ba Ce

Muna gaida dattawanmu na zango-zango, da iyayenmu mata, da 'yan makaranta, da 'yan kasuwa da direbobi, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, har Aboabo a Kumasi, da Tamale, da Wa, da Bawku.

A wannan wata kalma guda za mu ɗauka, ita ce "thunder", wato tsawa. Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, tana yawo ƙwarai a bakin yaranmu, a tasha, a filin ƙwallo, da kuma cikin saƙonnin waya, alhali tsawa iri biyu ce ke cuɗanya a Turancin da muke ji a ƙasar nan. Akwai ta Bature, wadda ya mayar abin zaurance da raha. Akwai kuma tamu ta Afirka ta Yamma, wadda ake rantsuwa da ita, ake kuma tsinuwa da ita. Wanda bai rarrabe su ba, ko dai ya yi fushi inda ba a zage shi ba, ko kuwa ya yi mummunan zagi yana zaton wasa yake yi. To, bari mu bi su daki-daki.

TSAWA DA WALƘIYA

Hausa ba ta yi rowar suna ga abubuwan da ke faruwa a sama da damina ba. Muna da hadari, muna da walƙiya, muna da cida, wato rugugin nan da ake jiyowa daga nesa, muna da tsawa, sa'an nan ga aradu da kwarankwatsa. Ita aradu daga Larabci muka aro ta, kuma duk wanda ya yi nisa a makarantar allo ya san Suratur Ra'adi, sura ta 13. A bakinmu tsawa ita ce mai faɗowa. Mukan ce tsawa ta faɗa wa bishiya, ko aradu ta kashe shanu.

Shi Bature ya raba aikin gida biyu. "Lightning" ita ce wutar, ita ke faɗowa, ita ke ƙona, ita ke kisa. "Thunder" kuwa ƙarar ce kawai da ke biyo baya. Masana kimiyya sun bayyana cewa walƙiya tana zafafa iskar da ta ratsa har wajen digiri 30,000, sai iskar ta buɗe farat ɗaya, kuma wannan fashewar ce kunne ke ji. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sauti kuwa wajen mita 340 kacal. Saboda haka idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa 3 kafin ka ji tsawa, to abin ya sauka ne kimanin kilomita 1 daga inda kake.

'Yan makarantarmu masu shirin jarrabawar WAEC su lura da wannan. Wanda ya rubuta "thunder struck the tree", Hausa ya rubuta da haruffan Turanci, kuma malami zai ja masa jan biro. Abin da ake so shi ne "lightning struck the tree". Idan muka riƙe cewa a wurin Bature tsawa ƙara ce tsagwaronta, duk sauran maganganun da ke tafe za su zo mana da sauƙi.

SATAR TSAWA

Mafi shahara a cikinsu ita ce "to steal someone's thunder". Idan aka bi ta kalma da kalma, wai an sace wa mutum tsawarsa. Ina mutum ya ajiye tsawa har da za a sace? Ga asalin maganar.

A shekarar 1709 an yi wani marubuci a Ingila mai suna John Dennis, wanda ya shirya wasan kwaikwayo mai suna Appius and Virginia, aka nuna shi a gidan wasa na Drury Lane da ke birnin Landan. A wancan zamani babu na'urar ɗaukar sauti, duk ƙarar da ake bukata a wasa da hannu ake yin ta a bayan labule. Dennis ya ƙago wata sabuwar dabara ta kwaikwayon rugugin tsawa domin wasan nasa. Wasan bai karɓu ba, ba a daɗe ba masu gidan suka tsai da shi. Bayan ɗan lokaci, kamar yadda aka ruwaito, ya koma gidan kallon wasan Macbeth na William Shakespeare, sai ya ji tsawarsa tana ruri daga bayan labule. Ya miƙe cikin fushi yana ƙorafin cewa sun hana wasansa tafiya amma sun sace masa tsawa. Dennis ya rasu a 1734, wasansa ya bi ruwa, amma ƙorafinsa ya shekara fiye da 300 a bakin mutane.

Yau ana amfani da maganar ta fuska biyu. Ta farko, ka yi wahalar abu wani ya karɓe yabon. A ce kai ka kwana kana tsara shawarar yadda za a gyara magudanar ruwa a unguwa, ka gaya wa abokinka, da aka zo taron ƙungiya sai ya riga ka miƙewa ya faɗe ta kamar tasa. Bahaushe yana da amsar wannan tuntuni: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta biyu, ranar taka ce amma wani ya janye hankalin jama'a. Ƙawar amarya da ta caɓa ado har ta fi amarya, kowa ita yake kallo, ita ma ta saci tsawa. Mu sai mu ce ta ƙwace mata fage, ko ta kashe mata kasuwa.

Abin kula a nan shi ne, maganar ba zargin sata ba ce. Idan abokin aikinka ya ce maka "don't steal my thunder", ba ɓarawo ya kira ka ba. Roƙonka yake yi ka bar shi ya ba da labarin da bakinsa, kada ka yi masa riga malam masallaci. Haka kuma mai ladabi yakan ce "I don't want to steal your thunder" kafin ya yi shiru ya bar mai abu ya yi bayaninsa. Wannan jimla tana da amfani a ofis, ya kamata matasanmu masu aikin albashi su riƙe ta.

FUSHI DA MAMAKI

A nan Hausa da Turanci sun yi kusa da juna. Mutanen Ingila sukan ce wane ya shigo "with a face like thunder". Mu ma mukan ce ya haɗe rai kamar hadari, ko ya murtuƙe fuska, ko ya sha kunu. Idan aka ce maka shugaban wurin aikinku yana da irin wannan fuska yau, to ba ranar neman bashi ba ce, ka bari sai gobe.

Kalmar "thunder" takan zama aikatau. Idan ka karanta a jarida cewa alƙali ko ɗan majalisa "thundered", ana nufin ya ɗaga murya da fushi. Wannan daidai yake da namu, ya daka tsawa, kuma daga tushen nan ne muka sami tsawatarwa. Jaridar The Times ta Landan ma tun wajen 1830 ake yi mata laƙabi da "The Thunderer", wato mai daka tsawa, saboda zafin sharhinta a kan mahukunta. Jirgin ƙasa ko babbar mota da ta wuce da rugugi, ita ma akan ce "it thundered past".

Sai "thunderstruck". Mai jin ta karo na farko zai ɗauka an yi rasuwa, har ya fara salati. Ba haka ba ne. Mutumin da aka ce "he was thunderstruck" lafiyarsa ƙalau, mamaki ne ya kama shi ya daskare, abin da muke kira mutuwar tsaye. 'Yar'uwarta ita ce "a bolt from the blue", wato aradu daga sama tangaran babu ko ɗigon gajimare. Ana faɗin ta ga labarin da ya zo kwatsam, ba zato ba tsammani, kamar takardar sallama daga aiki ko ƙarin kuɗin haya. Mu ma mukan ce labarin ya zo masa kamar saukar aradu.

Akwai kuma karin maganarsu, "lightning never strikes twice", wai masifa iri ɗaya ba ta samun mutum sau biyu. A matsayin ba da haƙuri ba laifi, amma kada kowa ya dogara da ita da damina. Dogon benen nan na Empire State da ke birnin New York a Amurka, walƙiya tana faɗa masa wajen sau 20 a shekara. Wani ma'aikacin gandun daji a jihar Virginia mai suna Roy Sullivan, sau 7 ta same shi tsakanin 1942 da 1977, kuma ya rayu. Idan hadari ya taso a bar gindin bishiya da fili, a shiga ɗaki ko mota.

A FILIN ƘWALLO

Masu sauraron sharhin ƙwallo a rediyo sun saba da "thunderbolt". Shi ne bugun da ɗan wasa zai narka daga nesa, mai tsaron gida bai ankara ba sai dai ya ji raga ta motsa. Dattawanmu da suka san ƙwallon da za su tuna Teslim Balogun na Nijeriya, wanda ƙarfin ƙafarsa ya sa aka laƙaba masa "Thunder". Ya buga wa Queens Park Rangers ta Ingila a 1956, ya rasu a 1972, kuma filin wasa na Surulere a Legas yana ɗauke da sunansa.

Idan mai sharhi ya ce wasa ya zama "blood and thunder", wato jini da tsawa, yana nufin wasa ne na ƙarfi da zafin rai, kowa ya sa ƙashi, babu sassauci, irin wanda akan gani idan Hearts of Oak ta haɗu da Asante Kotoko. Asalin maganar daga littattafai da wasannin kwaikwayo masu araha ne na ƙarni na 19, waɗanda aka cika su da kisa da ihu don jan 'yan kallo. Shi kuwa "thunderous applause" tafi ne mai ƙarfi, kamar rufi zai faɗo. Duk waɗannan babu na jin kunya a ciki, ana iya faɗinsu a gaban kowa.

WAƊANDA BA A FAƊA A GABAN SURUKAI

Dattawa su gafarce mu, amma gara mu faɗa a nan da yaro ya je ya faɗa inda bai dace ba. Tun da yake a wurin Bature tsawa ƙara ce, ya kai ta har bayan gida. "Thunderbox" ba akwatin rediyo ba ne, ba kuma lasifika ba ce. Akwatin katako ne mai rami a sama da bokiti a ƙasa, wanda sojojin Ingila da ma'aikatan mulkin mallaka suke amfani da shi a sansani da wajen rangadi. A Ostareliya sukan kira masai na bayan gida da wannan suna. "Thunder mug" kuma tsohon zaurancen Amurkawa ne, ba kofin shayi ba ne, fo ne da ake turawa ƙarƙashin gado da dare. Dalilin sunayen biyu mun bar wa mai karatu ya gano da kansa.

Wadda ta fi su haɗari ita ce "thunder thighs". Ana faɗin ta ga mai manyan cinyoyi, galibi mace, kuma ba'a ce mai ciwo. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, har akan yaba wa mace da cewa ta yi kyau ta murje. Saurayin da ya tsinci wannan kalma a fim ya ɗauka kirari ne, ya je ya faɗa wa abokiyar karatu ko abokiyar aiki, to ya ci mutuncinta, kuma a wurin aiki irin wannan magana tana iya kai mutum gaban shugabanni. A san ta don a gane idan an ji, amma kada a faɗe ta.

RANTSUWA DA TSINUWA

Shi ma Bature ba haka ya fara ba. Kakanninsa sun bauta wa gunkin tsawa, wanda tsofaffin Ingilishi ke kira Thunor, mutanen arewacin Turai kuma Thor. Sunan ranar Alhamis, "Thursday", ranar wannan gunki ke nan, kuma Jamusawa har yau "Donnerstag" suke cewa, wato ranar tsawa. Duwatsun nan masu siffar gatari da manoma ke tsinta a gona, waɗanda muke kira gatarin aradu, maƙwabtanmu Akan kuma suke kira "Nyame akuma", manoman Ingila na da "thunderstones" suke ce musu, su ma sun ɗauka daga sama suka faɗo. Masu binciken tarihi sun tabbatar da cewa kayan aikin mutanen zamanin dutse ne. A 1752 Benjamin Franklin na Amurka ya nuna cewa walƙiya lantarki ce, aka shiga kafa ƙarfen kare aradu a kan dogayen gine-gine.

Abin da ya rage wa Bature na wancan tsoro shi ne 'yan rantse-rantse irin su "by thunder!" da "what in thunder is this?" Waɗannan kauce wa baki ne. Mutum yana so ya yi rantsuwa amma ba ya so ya ambaci sunan Ubangiji ko wuta a banza, sai ya sa tsawa a madadinsu. Sun tsufa ƙwarai, sai a tsofaffin fina-finan kaboyi da labaran 'yan fashin teku. Wanda ya faɗe su a Landan yau dariya za a yi masa, babu wanda zai tsorata.

To, sai mu zo gida. "Thunder fire you!" ba Turancin Ingila ba ne, Baturen da bai zauna a nan ba ma ba zai gane ta ba. Turancin buroka ne na Afirka ta Yamma, ya fi ƙarfi a Nijeriya, kuma fina-finan can da Facebook da WhatsApp sun baza shi ko'ina, har yaranmu suna jefa wa juna shi suna dariya. Kalmomin na Turanci ne, amma abin da ke cikinsu na nan ne. A bayan maganar akwai Sango na Yarabawa, da Amadioha na Ibo, da Hebieso na Ewe da Fon, waɗanda masu bin addinin gargajiya suka ɗauka su ne ke hukunta ɓarawo da maƙaryaci da aradu. Babu wanda ya zauna a ƙasar nan bai ji sunan Nogokpo ba, garin nan na yankin Volta inda mutane ke kai ƙara wurin bautar tsawa. Mu ma Hausawa ba baƙi ba ne a wannan. Maguzawa da aradu suke rantsuwa, kuma har yanzu akan ji wani ya ce "aradu" ko "kwarankwatsa dubu" idan gardama ta yi zafi, duk da malamanmu sun daɗe suna horo cewa ba a rantsuwa sai da Allah.

Ke nan ma'anar "thunder fire you" ita ce aradu ta faɗa maka. Tsinuwa ce cikakkiya, roƙon mutuwa ne. A nan ne muke jan kunnen matasanmu. Mu 'yan zango muna zaune ne a tsakiyar jama'a iri-iri, muna haya a gidajensu, muna ciniki da su, yaranmu suna aji ɗaya da nasu. Abin da yaro ya ɗauka barkwanci ne tsakaninsa da abokinsa, idan ya faɗa wa dattijuwa mai sayar da kifi a kasuwa ko maigidan haya, ba za su ji shi da kunnen wasa ba. Wani zai ɗauka an yi masa baki ne da gaske, kuma idan wani abu ya same shi ko ɗansa a cikin makon nan, ya san ƙofar da zai buga. Rigimar da sai sarkin zango da limami sun sa baki, sau da yawa daga kalma guda take tashi. Wanda ya rubuta ta a waya kuma, ya bar shaida a hannun mutane. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Idan ka ji "thunder" a bakin Bature, ko a jarida, ko a sharhin ƙwallo, ka nemi ma'anar ƙara, ko fushi, ko mamaki, ko yabo, kada ka tayar da hankalinka. Idan ka ji ta a buroka an haɗa ta da "fire", to an bar Ingila an dawo gida, sai ka auna ta da ma'aunin da kake auna tsinuwa da Hausa. Abin da ba za ka iya faɗa wa mutum da Hausa a gaban mahaifinka ba, sauya masa harshe ba ya rage masa nauyi. Iyaye kuma, idan kuka ji yara suna wannan magana a tsakar gida, ku tambaye su fassararta. Sau da yawa yaro da kansa zai sunkuyar da kai idan ya ji ta da Hausa.

Ga ɗan aikin gida ga 'yan makaranta: kowa ya rubuta jimla 3, ɗaya da "steal my thunder", ɗaya da "thunderstruck", ɗaya da "a face like thunder", sa'an nan ya nemo wa kowacce takwararta ta Hausa daga bakin kakarsa ko kakansa. Wanda ya sami karin maganar da ta fi waɗanda muka kawo dacewa, ya aiko mana ta hannun edita, za mu buga ta a wannan shafi.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganganun Turanci da suka shafi ruwan sama. Allah ya kare mu da iyalanmu da dabbobinmu daga sharrin aradu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.